Kuɗi Sai Da Kaka, Buƙata Kuwa Kullum: Nauyin Lissafi A Kan Magidantan Kudancin Kano

Duk wanda ya bi ta Kiru zuwa Ba'awa a watan Agusta, ko ya miƙa ta Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore ya faɗa ƙasar Doguwa, zai ɗauka babu mai kwana da damuwa a wannan yanki. Masara ta yi goyo, shinkafa ta rufe fadama, dawa ta yi duhu har ba a hango mai tafiya a cikinta. Amma a wannan watan ne aljihun manomi ya fi bushewa. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba. Ɗan abin da aka tara ya shige taki da maganin feshi da sallamar 'yan ƙwadago. Sauro ya yi yawa, yara na ta kwanciya, ga komawa makaranta na ƙaratowa a watan Satumba. Dukiyar mutum na tsaye a gona kowa na gani, shi kuwa bai san inda cefanen gobe zai fito ba.

In ka gaishe da irin wannan magidanci, abin da zai ce maka bai wuce "Alhamdulillahi, ana ta maneji" ba. Sai in kun shaƙu ne zai ƙara da "kai dai bari, lissafi ya kwance." Sauran labarin a jikinsa ake karantawa. Barci ya ƙaurace masa. Yaro ya yi ƙaramin laifi ya hau shi da faɗa. Ya sauya hanyar zuwa masallaci don kada ya bi ta ƙofar mai shago. Waya ta yi ƙara gabansa ya faɗi, ya duba lambar ya kife ta. Uwargida na ganin duk wannan, ita ma da nata a ƙasa: zubin adashi ya zo, bikin 'yar ƙawarta saura mako biyu, jarin ƙosai ya shige tukunyar gida.

Ba rashin kuɗi kaɗai ba ne ke yin haka. Akwai mai ƙaramin ƙarfi da ke barcinsa lafiya lau, akwai mai buhu hamsin a sito da hawan jini ya kama. Abin da ke rikita mutum shi ne buƙatu su taru a kansa lokaci guda, babu wadda ya san ranar da zai sauke, kuma babu wanda ya gaya wa.

Shekaru uku da suka jijjiga kowa

Kafin a ɗora wa magidanci laifin rashin tsari, ya kamata a tuna abin da ya faɗo masa. A farkon 2023 aka shiga wahalar sauyin takardun Naira. A ƙauyukan da banki ke da nisa, mutane sun sayar da akuya da hatsi a wulaƙance ga duk mai tsabar kuɗi a hannu, masu POS kuma suka riƙa yankar rabonsu son ransu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan kusan 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, hauhawar farashin kaya gaba ɗaya kuma ta kai kashi 34.8 a watan Disamba.

Ga mutumin birni, tsadar fetur na nufin kuɗin mota. Ga mai noman rani a bakin Tiga ko a fadamun Tudun Wada, fetur shi ne ruwan da albasa da tumatir ke sha, domin injin ban ruwa ba ya tashi da haƙuri. Madatsar Tiga da aka gina a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana tura ruwan noma ne ta hanyoyin ruwa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Manoman tudu na Kiru da Doguwa, galibinsu sai abin da sama ta zubo, ko abin da inji ya jawo.

Sai kuma abin ya juya ta wata fuskar. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba har na kwana 150. Da wannan, da yabanya mai kyau, farashin hatsi ya yi ta sauka a 2025. Mai saye ya ji daɗi, kuma ya cancanci jin daɗin. Amma manomin da ya sayi taki da tsada ya wayi gari buhun masararsa ba ya sayen buhun taki. Wanda ya kimshe hatsi yana jiran ya yi tsada, kamar yadda aka saba kowace shekara, ya sayar ƙasa da yadda ya saya.

Ma'aikaci ma bai tsira ba. An mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a watan Yulin 2024, Jihar Kano ta amince da 71,000. Malamin firamare a Bebeji ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Kiru ya san ranar da wannan kuɗi ke ƙarewa, kuma ba ƙarshen wata ba ce.

Tsohon ciwo ne

Duk da haka, tushen abin ya girmi Tinubu da Buhari. Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta fitar da littafinta kan rayuwar karkarar Hausa a 1972. Abin da ta gani a can shi ake gani yau a Yako da Kogo da Yaryasa. Mai ƙaramin ƙarfi yana sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi araha, saboda masu bin sa bashi na tsaye a bakin masussuka. Da bazara ya dawo yana awo da tiya lokacin da ya fi tsada. Damina ta faɗi, maimakon ya nome gonarsa sai ya tafi ƙwadago a gonar wani don a samu na tuwon dare, tasa kuma ciyawa ta cinye. Kaka ta zo da ɗan amfani kaɗan, a koma gidan jiya. Ta kuma rubuta labarin falle, inda mutum zai ari dami ɗaya da damina ya biya biyu da kaka.

Sunaye sun sauya, tsarin bai sauya ba. Yau mai sayar da taki ne zai ba ka buhu, da sharaɗin ka biya da shanshera ko masara a farashin da shi ya yanka tun ba a yi huɗa ba. Ko a jinginar da gona, mai kuɗi ya yi ta nomanta har ranar da aka fanshe, ranar da sau da yawa ba ta zuwa. Shirin rancen manoma na Babban Banki, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, an yi shi ne don a raba manomi da irin wannan ƙangi. An fitar da fiye da Naira tiriliyan ɗaya. Wasu sun amfana, wasu kayan sun iso musu bayan lokacin shuka ya wuce, wasu kuma sun ɗauka rabonsu ne na gwamnati suka ƙi biya. Yanzu Babban Bankin ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye, manomi ya koma hannun wanda ya saba.

Matsalar a fili take: kuɗi na shigowa sau ɗaya a shekara, ko sau biyu ga mai noman rani, buƙata kuwa ba ta hutun kwana ɗaya.

Abin da damuwa ke yi wa tunani

A 2013 wasu masana huɗu, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, suka buga wani bincike a mujallar Science. Sun bi manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya, mutanen da su ma kuɗinsu ke zuwa sau ɗaya a shekara. Suka yi musu gwajin kaifin tunani kafin girbi, lokacin da suke cikin bashi da jingina, suka sake yi musu bayan an biya su kuɗin rakensu. Mutum ɗaya ne, amma sakamakonsa bayan girbi ya fi na kafin girbi nesa ba kusa ba. Masu binciken suka ce ba yunwa ba ce, ba gajiyar aiki ba ce. Tunanin kuɗi ne ke cinye wurin da ya kamata a yi wani tunanin da shi. Wasu masanan sun yi musu a kan girman tasirin, amma duk wanda ya taɓa mance raka'ar da yake saboda lissafin bashi ba ya buƙatar a kawo masa hujja daga Indiya.

Amfanin wannan bincike biyu ne. Na farko, yana sauke wa mutum zargin kansa. Wanda ya karɓi taki a mummunan sharaɗi a watan Yuli ba wawa ba ne, kansa ne ya ɗau zafi. Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci, yana nuna lokacin da ya kamata a yanke manyan shawarwari. Ba a tsakiyar damina ba. Da kaka, lokacin da rumbu ya cika kuma hankali ya dawo jiki.

Abin takaici, da kaka ne muka fi sakaci. Lokacin ne ake ɗaura aure, ake sauya babur, ake sayen sabuwar waya, kowane ɗan'uwa ya tuna da kai. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer, waɗanda daga baya suka samu kyautar Nobel a 2019, tare da Jonathan Robinson, sun gwada wata 'yar dabara. Suka riƙa zuwa wa manoma nan da nan bayan girbi suna ba su damar biyan kuɗin takin noma na gaba tun a lokacin, a kai musu har gida kyauta. Yawan masu sa taki ya ƙaru sosai, fiye da lokacin da aka yi musu tayin nan a lokacin sa takin. Ba don sun ƙara kuɗi ba, sai don an kama kuɗin kafin su narke. Dattawanmu sun san wannan tun tuni. Shi ya sa wanda ya sayar da amfani yake wucewa kara ya sayi ɗan maraƙi ko tunkiya, ya ɗaure. Kuɗin da ke aljihu na kowa ne, wanda ke turke kuwa sai an yi shawara kafin a taɓa shi. Illa dai kiwon ma na da nasa haɗarin, mutanen gefen Falgore da suka sha fama da ɓarayin shanu a shekarun baya sun fi kowa sani.

A fito da shi daga ka

Mataki na farko ba ya cin ko sisi, amma shi ne mutane suka fi gudu. A samu littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a zauna bayan sallar asuba lokacin da gida ya yi tsit, a rubuta duk wanda ke bin ka, nawa ne, yaushe ka yi alkawari. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wanda bai iya ba ya sa ɗansa ko amininsa. Bashin da ke yawo a ka ba shi da iyaka, kullum dare sai ya ƙara girma. Wanda aka rubuta yana da adadi. Sau da yawa adadin na da tayar da hankali, amma aƙalla ya tsaya wuri ɗaya, ana iya kallonsa ido da ido.

Musulmi bai kamata a yi ta jan sa a kan wannan ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Amma je ka kotun shari'a ko ofishin Hisba ka ji yawan rigimar da ta taso daga "ai mun yarda da juna, ba sai an rubuta ba."

Bayan an rubuta sai a jera. Ba wanda ya fi surutu ake fara biya ba. Abincin gida da magani su ne gaba. Sai bashin da ke hayayyafa, wato mai ruwa ko mai sharaɗin ninki. Sai wanda zai iya raba ka da abin neman abincinka, gona ko babur ko keken ɗinki. Bashin ɗan'uwa mai haƙuri ya zo daga baya, amma fa a gaya masa, kada a mayar da haƙurinsa wauta.

Daga nan sai abu mafi nauyi: zuwa wurin mai bin ka tun ranar ba ta zo ba. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai shagon da kake gudu shi ma ɗan sari na bin sa a Kano. Abin da ke ƙona masa rai ba jinkirin ba ne, ɓuyan ne. Akwai bambanci tsakanin wanda ya kashe waya da wanda ya yi sallama ya ce, "Alhaji, na zo ne da kaina. Ranar da na ɗauka ba za ta yiwu ba. Ga dubu biyar, ragowar kuma in Allah ya yarda kowace kasuwa zan riƙa kawo abin da ya samu har mu kai kaka." Na biyun ya biya kaɗan, amma ya sayi barcinsa, ya kuma bar ƙofa a buɗe. Addini ma ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. In abin ya yi tsauri, a shigo da liman ko mai unguwa su tsaya a tsakani kafin a kai ga kotu.

Sai maganar cikin gida, wadda a nan ne al'adarmu ta fi cutar da mu. Magidanci na ganin faɗa wa matarsa halin da yake ciki tonon asiri ne. Sai ya yi shiru, ita kuma ta fassara shirun da rowa, ko ta ɗauka tarin kuɗin ƙarin aure yake yi. Alhali a gidaje da yawa na yankin nan, mace ce ke riƙe da ragamar kuɗin yau da kullum. Matan Tudun Wada da ke turara shinkafa suna kaiwa injin casa, da masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da masu kiwon kaji da awaki a bayan ɗaki, kuɗinsu kaɗan ne amma kullum suna motsi, saɓanin na maigida da ke zuwa a dunƙule. Dukiyarta tata ce, shari'a ba ta ɗora mata ciyarwa ba, kuma duk namijin da ya ari jarin matarsa ya ƙi biya ya ci amana. Amma mutum biyu da suka san gaskiyar abin da ke rumbu sun fi iya kai shi watan Satumba fiye da mutum ɗaya da ke ɓoyewa. Kalmar "Maman Abba, zo mu yi lissafi" ta hana ɓarna a gidaje da yawa.

Dabarar matan Maraɗi

Adashi tsohon abokin talaka ne, kuma amfaninsa na tilasta wa mutum ajiya ba ƙarami ba ne. Rauninsa biyu: ɗauka na zuwa ne bisa layi, ba ranar da yaro ya kwanta ba, sannan komai na rataye a wuyan uwar adashi. In ta ci, ko wasu suka kwasa suka daina zubi, shi ke nan.

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Mata kamar ashirin zuwa talatin za su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka amince. Ba a miƙa wa mutum ɗaya, a akwati ake tarawa a gaban kowa, makullan na hannun mata dabam-dabam, akwatin na hannun wata. Mai buƙata ta ranta ta biya a wa'adi. Akwai wani ɗan asusu na gefe don rashin lafiya da rasuwa da gobara. Shekara ta zagayo a fasa a raba, kuma ƙungiyoyi da yawa na saita rabon ya faɗo daidai lokacin da aka fi matsuwa. Daga wannan ƙasa ta Hausa tsarin ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane na amfani da shi. Abin mamaki, ya je Uganda da Tanzaniya ya kafu, a wasu ƙauyukanmu kuwa sai wata ƙungiyar agaji ta kawo shi a mota kafin a ji labarinsa. Inda ake ƙyamar ƙarin da ake ɗorawa a kan rance saboda riba, ƙungiyoyi na iya bayar da rancen ba ƙari, ko su saya wa mace kayan sana'a su sayar mata da ribar da aka sani tun farko.

A Nijar ɗin dai, tun ƙarshen shekarun 1990 ake gwada wani tsarin: manoma su tara hatsinsu a sito ɗaya da kaka, a kulle da kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na mai ba da rance, a ba su wani kaso na darajar hatsin su biya buƙatun kaka. In farashi ya tashi a buɗe a sayar, a biya rance, ragowar ta manomi ce. Yana maganin sayar da araha a sayi tsada. Sai dai 2025 ta koya wa kowa cewa farashi ba ya rantsuwa zai tashi. Don haka a bambanta ajiya biyu. Hatsin ci na shekara, wannan ba caca ba ne, a ware shi tun a masussuka, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, a manta da shi. Ajiyar neman riba kuwa kasuwanci ce, kada a yi ta da kuɗin bashi.

Banki fa? Binciken EFInA na 2023 ya nuna kusan rabin manyan mutane a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, alhali a ƙasa baki ɗaya kusan kashi 26 ne. Nisa na ciki, gudun riba na ciki. Na biyun an samu sauƙinsa tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019. Tun 2024 kuma hukumar inshorar ajiya, NDIC, na lamunce wa mai ajiya har Naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma masu lasisi. Wanda ba shi da lasisi, ba abin da hukumar ta lamunce maka.

A nan ne tarko yake. Mutumin da kansa ya ɗau zafi shi ne abincin mai cewa kawo dubu hamsin ka karɓi ɗari a wata. An yi MMM a 2016, an yi CBEX da ya rufe da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, kuma wani na nan tafe da sabon suna. Haka manhajojin rance na waya, masu ba ka kuɗi cikin minti biyar sannan su bi lambobin da ke wayarka suna aika wa surukanka saƙon cewa kai ɓarawo ne. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara kai musu samame tun 2022, amma ba su ƙare ba. Ga kuma cacar ƙwallo da ta shigo wa samari har ƙauye ta cikin waya.

Biki da asibiti

Abu biyu ne ke rusa lissafin da aka gina da kyau. Ɗaya muna iya rage shi, ɗaya sai dai shiri.

Aurar da 'ya a yau ya zama aikin shekaru: gado da katifa da kujeru da jeren kwanuka da gara, a ɗaya ɓangaren kuma lefe akwati-akwati. Uba ya jinginar da gona, uwa ta kwashe adashi uku, duk don kada a ce. Ga bikin mata, wanda asalinsa taimakon juna ne, amma ya koma wadda ta kawo miki dubu biyu sai kin mayar mata da huɗu. Gwamnatin Kano ta shiga aurar da zawarawa tun 2012 ta hannun Hisba, a watan Oktoban 2023 ma ta aurar da mutum 1,800 da amarensu, wanda hakan kansa shaida ce cewa tsadar aure ta fi ƙarfin talaka. Amma gwamnati ba za ta aurar da kowa ba. Mutum ɗaya kuma ba ya iya karya al'ada shi kaɗai, za a yi da shi. Abin da ke aiki shi ne dangi ko gari su zauna, da dagaci da limamai da manyan mata, su yanka iyaka ta hau kan kowa. Wanda ke son ragewa ya samu abin fakewa: ba ni na ce ba, gari ne ya ce.

Ciwo kuwa ba ya sallama. Haihuwar da ta zo da tiyata, ko haɗarin babur a hanyar Kwanar Dangora, na iya cinye noman shekara a dare ɗaya. Jihar Kano na da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda ba ma'aikata kaɗai take karɓa ba. Ya dace ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa su je su tambayi sharuɗɗan shiga, su biya da kaka. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a watannin damina kyauta ne, kuma duk uwar da ta tsaya ɗanta ya shanye na kwana ukun ta rage wa gidanta wata hanyar fitar kuɗi.

Shi kansa mai ɗauke da nauyin yana iya zama marar lafiyar. Damuwar kwana biyu dabam, wadda ta ɗauki makonni dabam. In mutum ya daina cin abinci, ya daina fita majalisa, ya rasa sha'awar komai, ko ya fara cewa gara ma ya huta da duniyar, wannan ya wuce a ce masa "ka yi haƙuri, kowa ma haka yake." Addu'a na nan, Manzon Allah (SAW) da kansa ya yawaita neman tsari daga nauyin bashi. Amma a haɗa da asibiti: a auna jini, a yi wa likita bayani ba ɓoye-ɓoye. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Wanda bashi ya yi wa katutu ta hanyar halal yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka. Masu fitar da zakkar hatsi a Doguwa da Tudun Wada, waɗanda ke auna buhu ɗari-ɗari, sun fi tuna almajiri da mai bara a kan maƙwabcin da ke sanye da wankakkiyar riga alhali gonarsa na hannun wani.

Duk wannan dabara ce ta cikin gida, kuma tana da iyaka. Littafin lissafi ba ya rage kuɗin yuriya. Alƙaluman talauci na 2022 sun ce mutum miliyan 133 ne a Najeriya ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, Kano ce ta fi kowace jiha yawansu, kuma wannan kafin a cire tallafin mai ke nan. Muddin za a buɗe iyaka hatsin waje ya shigo ba tare da an sauko da farashin taki ba, manomin Ba'awa ne zai biya kuɗin arahar da birni ke ci. Tuni dai wasu suka yanke tasu shawarar: sun rage masara da shinkafa masu cin taki, sun koma dawa da waken suya da gyaɗa. Idan da yawa suka bi wannan hanya, masu awo a Dawanau da Kwanar Dangora za su ji a jikinsu nan da kaka ɗaya ko biyu.